Jagorar Kaɗi da Rini: Daga Auduga da Ulu Zuwa Zare Mai Launi

Zare abu biyu ne aka haɗa, gashi (wato silin auduga ko na ulu) da murɗi. Ka ɗebo auduga ka ja ta da yatsu, nan take za ta rabu. Ka murza ta tsakanin babban yatsa da manuni kafin ka ja, sai ka ji ta yi gardama, domin murɗin ya matse silin da ke cikinta sun riƙe juna. Duk kayan kaɗin da aka taɓa ƙerawa, daga mazari har keken kaɗi mai lantarki, aikinsu biyu ne kawai: su sa murɗi, su naɗe abin da aka murɗa. Sauran aikin na yatsunka ne.

Abin da nake so mai koyo ya riƙe tun daga farko shi ne, gashin da zai kaɗa shi ke zaɓar masa komai. Shi zai faɗi irin mazarin da ya dace, da irin keken da za a saya, da maganin rinin da zai kama. Wanda ya fara sayen keke kafin ya san auduga zai kaɗa ko ulu, ya soma aikin daga ƙarshe.

Ka san gashinka, ka gyara shi

Silin auduga gajere ne, yawanci santimita 2 zuwa 3 da ɗoriya, kuma yana da santsi. Saboda haka yana son murɗi mai yawa, ba ya kuma jure nauyi tun bai gama murɗuwa ba. Ulu, wato gashin tumaki, ya fi tsawo nesa ba kusa ba, daga santimita 5 zuwa 15 gwargwadon irin tunkiyar, kuma a jikin kowane sili akwai ƴan ɓawo-ɓawo da ido ba ya gani, waɗanda ke sa silin su kama juna. Shi ya sa hannun sabon shiga ya fi saurin sabawa da ulu. Auduga daga tsiro take, ulu daga dabba, kuma wannan bambancin zai sake taso mana in mun zo rini.

In audugar da anguryarta ta zo, sai a gurje ta tukuna, a murza siririn ƙarfe a kanta bisa magurji har irin ya fita. Daga nan a shiɓe ta da bakan shiɓa ko da allunan nan biyu masu haƙoran waya, har ta tashi ta yi sako-sako babu ƙulli. A naɗe ta a jikin siririn kara, a matse kaɗan, a zare karan. Wannan sutun shi za ka riƙe a hannu kana ja.

Ulu kuwa wanki yake fara buƙata, don yana zuwa da maiƙo da ƙura. Zuba ruwa mai zafin digiri 60 a ma'aunin Salshiyas a roba, sa sabulun wanke kwanuka, sannan ka nutsa ulun a hankali ka bar shi minti 15 zuwa 20. Kada ka cuɗa, kada ka juya, kada kuma ka fitar da shi daga ruwan zafi ka tsoma a na sanyi. Zafi da sabulu da cuɗawa in sun haɗu, ulu zai manne ya dunƙule, ba kuma zai sake warwaruwa ba. Ka tsame shi tun ruwan bai huce ba, in ba haka ba maiƙon zai koma jikinsa. Maimaita sau biyu ko uku, ɗauraye da ruwa mai irin zafin, shanya a inuwa, sannan ka shiɓe.

Kada ka yi wa wannan matakin gaggawa. Yawancin ƙullin da ke fitowa a zare tun wurin shiɓa aka bar shi.

Fara da mazari

Ko da kana da halin sayen keke yau, ina ba ka shawara ka fara da mazari. A mazari kai ke da ikon tsayar da komai ka duba, keke kuwa yana haɗa maka ƙafa da hannu biyu da ido a lokaci guda.

Mazarin ulu shi ne wanda ake sakewa ya rataya yana juyi a iska, mai nauyin giram 30 zuwa 50. Ɗaura masa tsohon zare mai tsawon kamu uku a ƙasan gululu, ka kawo shi sama ka maƙala a ƙugiya ko tsagin da ke kan mazarin. Buɗe bakin zaren, ka ɗora ɗan ulu a kai su haɗu. Yanzu murza mazarin ya juya ta ɓangaren da hannun agogo ke bi, ka bar murɗi ya taru a zaren, amma ka matse mahaɗar da yatsu biyu don kada ya haura cikin ulun. Tsayar da mazarin, ka riƙe shi tsakanin gwiwoyinka. Da ɗaya hannun ja ulun baya kaɗan har ya sirance daidai kaurin da kake so, sannan ka zame yatsun da ka matse zuwa sama, murɗin ya bi su. Za ka ga zare ya fito a gabanka. In murɗin ya ƙare, sake murza mazarin. In zaren ya kai tsawon hannu, cire shi daga ƙugiya ka naɗe a jikin mazarin.

Ka lura da ɗan wurin nan mai siffar kusurwa uku da ke tsakanin hannunka da inda zare ya fara. Nan ne kaɗi yake. In murɗi ya kutsa ya shige cikin sutun, ja zai gagara. In hannayenka biyu sun yi kusa fiye da tsawon silin, shi ma ba zai jawu ba, domin kana riƙe da sili ɗaya ta kai da ta gindi. Ka ɗan buɗe tazara sai ka ji ya sake.

Mazarin auduga daban ne. Ƙarami ne, marar nauyi, kuma ba a sakin sa ya rataya. Tsininsa yana zaune cikin ƴar tasa ko ƙoƙo mai santsi yana juyi. Hannu ɗaya na murza shi, ɗayan na janye sutun sama a hankali, murɗi na bin sa a baya. Ka fara ja da murɗi kaɗan, daidai wanda zai hana zaren tsinkewa, domin a wannan halin wuraren da suka yi kauri suna miƙewa da kansu in ka ci gaba da ja. Sai zaren ya daidaita sannan ka matse bakin sutun ka ƙara masa murɗi sosai kafin ka naɗe. In yatsu na zamewa saboda gumi, a shafa ɗan alli.

Zaɓen keke

Kekunan kaɗi gida biyu ne, kuma sanin wannan ya fi sanin sunan kowane kamfani amfani.

Gida na farko mazari ne aka kwantar aka haɗa shi da wili, ana juya wilin da hannu ɗaya ana ja da ɗayan. Kaɗi daban, naɗi daban, kamar dai a mazarin hannu. A nan keken Indiya da ake kira carka yake, wanda Mahatma Gandhi ya mai da shi alamar gwagwarmayar neman ƴancin ƙasarsa. Akwai ƙaraminsa da ke ninkewa cikin akwati. Juyi ɗaya na hannu yana juya mazarinsa sau 70 zuwa 100, wani ma fiye. Wanda auduga zalla zai kaɗa, kuma siririn zare yake so don saƙa, ba na jin akwai abin da ya fi masa wannan.

Gida na biyu shi ne mai fiffike da kwarkwaro, wanda ake takawa da ƙafa. Fiffiken wani katako ne mai siffar harafin U da jerin ƙugiyoyi a hannayensa, kwarkwaron kuma yana zaune a tsakiyarsa. Zare na shiga ta wani huji a baki, ya bi ƙugiya, ya sauka kan kwarkwaro. Juyin fiffike ke sa murɗi, bambancin gudu tsakaninsa da kwarkwaro kuma shi ke naɗe zaren, duka a tafiya ɗaya. An ga zanen irin wannan fiffiken a Jamus tun wajajen 1480. Yau kamfanoni irin su Ashford da Majacraft na Niyu Zilan, da Louët na Holan, da Kromski na Folan, da Schacht na Amurka suna ƙera shi.

In za ka sayi irin wannan, tambaya ta farko ita ce yawan juyi: in babban wili ya zaga sau ɗaya, sau nawa fiffike ke zagawa? Zaren ulu mai matsakaicin kauri yana son 6 zuwa 10. Siririn ulu yana son 12 zuwa 20. Auduga tana son na can sama, kuma keken da bai wuce 8 ba zai gajiyar da ƙafarka kafin ya ba ta murɗin da take nema. Nemi wanda ke da tsagi uku ko huɗu a ƙaramin wilinsa, ko wanda ake iya sauya masa fiffike, don kada hannunka ya girme shi cikin shekara guda.

Tambaya ta biyu, yaya aka ɗaura igiyar da ke ɗauko juyi daga babban wili? Akwai wanda igiyar ke juya fiffike, sai a sa wa kwarkwaro ɗan birki na zare da sifirin. Ana danganta wannan tsarin da Sikotilan, kuma shi na fi so wa mai koyo, domin ana iya sassauta jansa har ya zama kusan babu, abin da auduga da siririn zare ke bukata ke nan. Akwai kishiyarsa, inda igiyar ke juya kwarkwaro, birki na kan fiffike. Wannan jansa da ƙarfi, ya dace da zare mai kauri da tufka, amma yakan fizge auduga daga hannu. Na uku igiya ɗaya ce doguwa da aka zagaya sau biyu, ɗaya a fiffike ɗaya a kwarkwaro. Jansa a daidaice yake da laushi, sai dai saita shi yana son wanda ya ɗan saba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Feda biyu ta fi sauƙin tayarwa da tsayarwa, tana kuma raba gajiya tsakanin ƙafafu. Hujin baki na yawancin kekuna kusan santimita 1 ne, ya isa sai dai in zare mai kaurin gaske kake nufi. Kwarkwaro aƙalla uku kake bukata, biyu na kaɗi ɗaya na tufka. Wanda ke fama da gwiwa ko baya, mai lantarki zai hutar da shi.

In keken da wani ya riga ya yi amfani da shi za ka saya, ka natsu. Juya wilin ka tsaya ta gabansa ka ga ko yana layi. Duba fiffiken ko ya tsage, domin wanda aka liƙe yana iya ɓallewa yana cikin gudu. Leƙa hujin bakin ka tabbata ya ɓulle, ka kuma nemi abin da ake matse igiya da shi. Akwai kekunan da don adon ɗaki kawai aka yi su, ba sa kaɗa komai. Sannan ka tambayi kanka inda za ka sami ƙarin kwarkwaro, don tsofaffin kekuna kowanne da nasa awon. In da hali, zauna ka taka shi minti 10 kafin ka biya.

Ranar farko kada ka taɓa gashi. Taka feda kawai, a hankali, har ka iya tsayar da wilin ka sake tayar da shi ta ɓangaren da kake so ba tare da ka sa hannu ba. Sannan ka ɗaura zaren kanti ka bari keken ya ja shi, ka ji yadda birki ke sauya jan. Bayan haka ka kawo sutu. In zare na nannaɗewa yana ƙin shiga, ko dai ya maƙale a ƙugiya ko birki ya yi sako-sako. In keken na ƙwace shi daga hannunka, sassauta birkin. In yana rabuwa salin-alin, murɗi ne bai isa ba. In kuwa ya tsinke da ƙara, murɗi ya yi yawa a wurin da ya sirance. Kusan duk mai koyo ƙafarsa ta fi hannunsa sauri, maganin kuma shi ne rage takun. Ka riƙa matsar da zaren daga ƙugiya zuwa ƙugiya don kwarkwaro ya cika daidai.

Tufka da zaunar da murɗi

Zare sili ɗaya yana da ƙarfin juyawa a jikinsa, in ka sake shi sai ya nannaɗe. Don ya kwanta, a haɗa biyu a murɗa su ta ɓangaren da ya saɓa wa na kaɗin. In da hannun agogo ka kaɗa, tufka sai ta bi akasinsa. Ka raba silin biyu da yatsa ɗaya a tsakani, jansu ya zama ɗaya, kana ƙirga taku iri ɗaya ga kowane tsawon hannu.

In ka gama, naɗe zaren a bayan kujera ya zama babban gammo, ka ɗaure shi sako-sako a wuri huɗu da wani zare, kana ratsa shi ta tsakiya kamar lamba 8. Wannan ɗaurin ne zai hana shi harɗewa a tukunya, in kuma ka matse shi da yawa launi ba zai shiga ƙarƙashinsa ba. Na ulu a jiƙa shi minti 20 a ruwan ɗumi. Na auduga a dafa shi awa ɗaya ko biyu da sodar wanki giram 2 zuwa 3 ga kowane giram 100 na zare da ɗan sabulu. Ruwan zai koma ruwan ƙasa, kakin da ke jikin audugar ke nan ya fita. Audugar da ba a dafa ba ko ruwa ba ta sha sosai, balle launi.

Rini

Tukunyar rini da cokalinta da ma'auninta ba sa komawa wurin girki, ko sau ɗaya. Yi amfani da tukunyar ƙarfe marar tsatsa ko mai fenti, sa safar hannu, rufe hanci lokacin auna gari, ka yi aikin inda iska ke wucewa. Auna zaren yana busasshe ka rubuta, domin duk awon da ke tafe a kan wannan nauyin yake. Kullum a jiƙe zare ke shiga tukunya.

Maganin kanti shi ya fi sauƙi, in an sayi wanda ya dace. Ulu da siliki suna karɓar maganin da ke kamawa da tsami: giram 1 zuwa 2 ga giram 100 na zare, da binega, a ɗaga zafi a hankali zuwa digiri 85, a riƙe shi minti 30 zuwa 45 har ruwan ya yi kusan garau, a bar shi ya huce a ciki. Auduga ba ta jin wannan. Nata shi ne irin su Procion MX, dangin maganin da aka fara fitarwa a Ingila a 1956, wanda ke aiki a ruwan ɗumi da gishiri da sodar wanki. Kada a sa ulu a soda mai ƙarfi da zafi, tana cin sa.

Rinin tsirrai ya fi ɗaukar lokaci, yawancinsa kuma yana bukatar maɗaurin launi, wato abin da zai ɗaure launin a jikin sili. Wanda aka fi amfani da shi alif ne. Ga ulu, narkar da giram 10 zuwa 12 ga giram 100 na zare, zuba a ruwan da zai rufe shi ya yi iyo, kai shi digiri 80 cikin natsuwa, riƙe awa ɗaya, bar shi ya kwana a ciki. In alif ya yi yawa ulu zai yi kaushi da danƙo.

Auduga ba ta kama alif kai tsaye, sai an share masa hanya da sinadarin bauri irin na jima, wanda ake kira tanin. Garin tanin giram 10 ya isa giram 100 na zare. In bagaruwa aka daka, a ninka awon sau biyu ko uku, a kuma sani za ta bar ɗan ruwan ƙasa a jikin zaren. A jiƙa a ruwa mai zafin digiri 50 na awa biyu, a matse, sannan a sa a ruwan alif giram 15 da sodar wanki giram 2 na wasu awa biyu. Wanda ya tsallake tanin, launinsa a wankin farko zai tafi.

Ɓawon albasa busasshe, rabin nauyin zaren, yana ba da rawaya mai zurfi zuwa ruwan goro. Ɓawon rumman yana ba da rawaya mai duhu. Lalle yana ba ulu ja-ja mai ruwan ƙasa. Saiwar mada, tsiron da Turai da Asiya suka daɗe suna samun ja daga gare shi, ba ta son zafi ya wuce digiri 70, in ya wuce jan sai ya dushe. Dafa tsiron awa ɗaya, tace, sa zaren, riƙe shi ƙasa da tafasa awa ɗaya, bar shi ya huce a ciki. Kurkum da zoɓorodo suna da kyau a ranar farko, amma rana da wanki ba sa barin su, ba zan ɓata zaren da na sha wahalar kaɗawa a kansu ba. In kana son launi ya yi duhu, tsoma zaren minti kaɗan a ruwan da ƙusoshi masu tsatsa suka jiƙa da binega. Rawayar albasa za ta koma kore mai duhu. Kaɗan ya isa, ƙarfe yana taurara ulu.

Shuni nasa tsarin daban ne, ba ya son maɗauri, kuma auduga da ulu duka suna karɓar sa. Garin da ake samu daga ganyen baba ba ya narkewa a ruwa sai an cire iskar da ke cikin ruwan an kuma sa masa kaifi irin na toka. Hanya mai sauƙi ga mai aiki a gida ita ce awon 1, 2, 3 da marinin Faransa Michel Garcia ya yaɗa: shuni kashi ɗaya, farar ƙasa mai kaifi, wato laim irin na shafen bango, kashi biyu, sukarin ƴaƴan itace da ake kira furuktos kashi uku. A kwaɓa shunin da ɗan ruwa har ya yi laushi, a zuba a bokitin ruwan zafi, a bi da sukarin, sannan farar ƙasar, a juya a hankali, a rufe ya kwana. In ya nuna, za ka ga kumfa shuɗiya da wani ƙyalli mai kalar tagulla a sama, ruwan da ke ƙarƙashin kumfar kuma ya koma rawaya mai kore-kore.

Zura jiƙaƙƙen zaren ta gefen bokitin ba tare da ka tayar da kumfa ba, domin duk iskar da ta shiga tana kashe ruwan. Riƙa matsa shi a ƙarƙashin ruwa minti 5 zuwa 10, kada ya taɓa lakar da ke ƙasa. Fito da shi, buɗe shi a iska: zai fito kore, ya rikiɗe shuɗi kana kallo. Ba shi minti 15 kafin ka mayar. Duhu daga yawan tsomawa yake zuwa, daɗewa a ciki ba ya kawo shi, kuma shunin da aka tara a gurguje a saman zare yake zama, ya riƙa goge wa mutane a hannu. Ka tuna jiƙaƙƙen zare ya fi busasshe duhu, don haka ƙara tsomi ɗaya ko biyu bayan ka ga launin da kake so. A ƙarshe ɗauraye shi da ruwa mai ɗan binega, musamman ulu, don a kashe kaifin farar ƙasar. In kore kake nema, fara da shuni, sannan alif, sannan rawaya.

Kowane irin rini ka yi, ɗauraye har ruwa ya fita garau, matse ba tare da murɗewa ba, rataye a inuwa. Yanki ɗan zare ka naɗa a kwali, rufe rabinsa, ajiye a taga mai rana mako biyu, sannan ka buɗe ka gwada ɓangarorin biyu. Liƙa shi a littafi tare da nauyin zaren, awon alif, irin tsiron, zafin ruwa da tsawon lokaci. Kuma in aikin da za ka saƙa zai ci gammo biyar, rina biyar ɗin a tukunya ɗaya rana ɗaya, domin da wuya tukunya ta biyu ta ba da launin ta farko daidai.